Yadda Za a Tsara Gyare-gyaren Manhajar Gabatar da Jawabi Mai Aiki da Murya

Amfanin manhajar da ke juya shafukan jawabi da murya shi ne mai jawabi ya saki madannai, ya fuskanci jama'a, shafukan kuma su riƙa bin maganarsa. Don haka duk wanda ke shirin sabunta irin wannan manhaja ya kamata ya jera ayyukansa bisa abin da zai fi kunyata mai jawabi a gaban mutane, ya bar ƙawata launi da motsin hotuna zuwa ƙarshe.

A fara da sauraron da ke tsayawa ba tare da sanarwa ba. Da dama daga cikin waɗannan manhajoji sun dogara ne da Web Speech API, wato fasahar burauza da ke mai da murya rubutu, wanda burauzar Chrome ta fara ɗauka a siga ta 25 a shekarar 2013. Ko da an kunna saitinsa mai suna continuous domin a ci gaba da sauraro, burauza takan katse shi idan shiru ya yi tsawo, mai jawabi kuwa ba zai sani ba sai ya maimaita umarni sau uku allo bai motsa ba. Maganin shi ne manhajar ta sake tayar da sauraron da zarar ya tsaya, amma ta fara duba dalilin tsayawar, domin idan izinin makirufo aka hana, sake kunnawa ba zai haifar da komai ba illa maimaita kuskuren. A kuma sanya wata ƙaramar alama a allon mai jawabi wadda za ta nuna masa a kowane lokaci ko ana jinsa.

Aiki na biyu ya fi wuya, kuma a ganina shi ya cancanci mafi yawan lokacin mai gyara: rarrabe umarni da zance. Idan kalmar "gaba" ce ke juya shafi, to duk sanda mai jawabi ya ce "nan gaba" ko "an samu ci gaba" shafi zai tsallake, ya bar shi yana bayanin abin da ya riga ya ɓace daga allo. A mai da umarnin ya zama kalmomi biyu da ba kasafai suke haɗuwa a zance ba, kamar "shafi gaba" da "shafi baya", sannan a bai wa mai amfani damar zaɓar nasa. Akwai kuma batun sakamakon wucin gadi da saitin interimResults ke bayarwa tun kafin jimla ta ƙare. Yana sa manhaja ta amsa da sauri, sai dai umarni guda kan bayyana a cikinsa sau da dama, wanda ke sa shafuka biyu ko uku su wuce a lokaci ɗaya. Saboda haka, da zarar an aiwatar da umarni, a yi watsi da maimaicinsa na kamar daƙiƙa ɗaya ko biyu. Kada kuma a manta da saita harshen sauraro ta hanyar saitin lang, domin idan ba a saita ba burauza za ta ɗauki harshen shafin intanet ɗin ko nata.

Daga nan sai batun intanet. A tsarinsa na asali, Chrome yana tura muryar zuwa na'urorin Google ne domin a mai da ita rubutu, wanda ke nufin raunin sadarwa a zauren taro zai gurgunta manhajar, kuma maganar da aka yi a taron sirri ta fita daga ɗakin. Firefox kuma ba ya zuwa da wannan fasaha a kunne. Ana iya gwada injin da ke aiki a kan kwamfutar kanta ta hanyar WebAssembly, wato fasahar da ke bari manyan shirye-shirye su yi aiki a cikin burauza, kamar injinan gane murya na Vosk ko Whisper da OpenAI ya saki a 2022, amma a sani cewa saukar da su yana da nauyi, kuma tsohuwar kwamfuta za ta iya jinkirin amsawa. Ko wanne aka zaɓa, wajibi ne a sanar da mai amfani inda muryarsa ke zuwa.

Idan an ɗora manhajar a intanet, makirufo ba zai buɗe ba sai shafinta yana kan HTTPS, wato amintaccen haɗin da ke ɓoye bayanai. A ƙara ɗan gwaji kafin fara jawabi, inda mai jawabi zai furta umarninsa a cikin zauren, tun da amsa-kuwwar lasifika takan dawo cikin makirufo ta rikita sauraro. Madannan kibiya kuma su ci gaba da aiki kullum.

Sauran buri, irin su nuna rubutun magana a ƙasan allo domin masu matsalar ji, ko juya shafi kai tsaye idan mai jawabi ya kai ƙarshen rubutunsa, sai su biyo baya. Kafin a taɓa su, a naɗi jawabai na gaske da izinin masu su, a kunna wa manhajar bayan kowane gyara, a ƙirga sau nawa ta juya shafi ba a umarce ta ba da kuma sau nawa aka umarce ta ta ƙi juyawa.