Darasi na 9: Tsohon Injin Ban Ruwa, A Gyara Ko A Sake?

Ruwan sama ya ɗauke, an gama kaka, hankali ya koma fadama. Daga Kadawa zuwa Haɗeja, daga Bakolori zuwa Goronyo, kowane mai noman rani zai jawo injinsa daga lungun ɗaki ya kakkaɓe ƙura. Wani zai ja igiya sau biyu, inji ya tashi. Wani zai ja har kafaɗa ta yi tsami, shiru kake ji. Wannan darasi na mutum na biyu ne. Ya kuma shafi mai injin markaɗe, domin yawanci irin injin ɗaya ne.

Kada ka yanke shawara da zafin rai a bakin rijiya. Fara gano inda ciwon yake.

Ƙananan ciwo

Injin da ya yi damina a ajiye da fetur a cikinsa, da wuya ya tashi nan take. Fetur ɗin yakan bushe, ya bar danƙo a kafireta, ya toshe ƙananan ramukan da mai ke bi. Wanki kawai yake so. Haka fulogi idan ya yi baƙi, da soson tace iska idan ƙurar hunturu ta cika shi, da igiya idan ta tsinke. Duk waɗannan kuɗinsu kaɗan ne.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Wasu injuna, irin su Honda GX160, suna da na'urar da ke hana su tashi idan baƙin mai ya yi ƙasa. Kare kansa yake yi. Abin yana ba ni takaici in ga mutum ya sayar da lafiyayyen inji a wulaƙance, alhali baƙin mai da bai kai lita ɗaya ba ne maganinsa. Buɗe murfi ka duba kafin ka kira kowa.

Idan kuwa inji yana ruri amma ruwa ba ya fitowa, laifin yana ɓangaren famfo. Ka cika shi da ruwa kafin ka tayar? Tiyo ba ya shan iska a mahaɗa? Ragar bakin tiyo ba ta toshe da ciyawa ba? In ka ga ruwa yana ɗiga tsakanin famfo da inji, sil ne ya ƙone, wato zoben da ke tare ruwa a wurin, kuma abin da ya fi ƙona shi shi ne barin inji ya yi aiki babu ruwa. Yashi ma yana cinye fankar da ke ciki. Sil da fanka ana sake su.

Lura da wannan sosai: irin wannan famfo ba ya iya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce mita 7 zuwa 8. A watan Maris da Afrilu ruwa yakan ja ƙasa. Idan haka ne, ko sabon inji fil ka kawo daga kanti, ba zai ba ka ruwa ba. Sai dai ka haƙa rami ka sauko da injin kusa da ruwan.

Babban ciwo

Ga alamun da ke sa a zauna a yi lissafi. Shuɗin hayaƙi yana fita daga salansa. Kullum sai ka ƙara baƙin mai. Igiya tana zuwa sako-sako, babu nauyin da ka saba ji. Ko ka ji ƙwanƙwasa daga can ciki.

Wani lokaci saitin bawul ne kawai, wannan mai sauƙi ne. Wani lokaci zoben fistin ne ya cinye, a sa sabo inji ya farfaɗo. Amma idan ramin da fistin ke kai da kawowa ya buɗe, ko jikin injin ya tsage, ko an ce maka inji ya buga, to gyara ya kusa zama sayen sabon inji guntu-guntu.

Yi wa bakanike magana a fili tun kafin ya taɓa sifana:

"Malam, don Allah kwance ka duba tukuna. Ka faɗa mini kuɗin kaya daban, kuɗin hannunka daban."

"To Baba. Amma sai na buɗe zan san gaskiyarsa."

"Na yarda. In ka buɗe ka kira ni in gani da idona, kuma duk abin da ka cire ka ajiye mini."

Bakanike mai amana ba zai ji haushin wannan ba.

Lissafi

Ga ma'aunin da nake ba da shawara a bi: idan kuɗin gyara ya kai rabin kuɗin sabon inji irinsa, a yi tunanin sakewa. Mu ɗauki misali, domin farashi kullum sauyawa yake. A ce sabo naira 160,000 ne. Rabinsa 80,000 ke nan. Bakanike ya ce 25,000, sai ka gyara. Ya ce 90,000, sai ka tsaya.

Amma kuɗin gyaran yau kaɗai ba ya nuna gaskiya. Bara ka ba da 20,000, ka sake ba da 15,000, sannan 30,000. Kowanne a ranar da ka biya shi ƙarami ne. In ka haɗa, 65,000 ne. Wanda ba ya rubutu yakan manta, ya ɗauka injinsa ba ya cin komai. Kai yanzu ka iya rubutu. Sami ƙaramin littafi, ka ja layi uku: rana, abin da ya lalace, kuɗi.

Sai fetur. Tun da aka janye tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, abin da inji ke sha ya zama babban kaso na kuɗin noman rani. Gwada da kanka. Zuba lita ɗaya, ka ƙirga fangali nawa ta shayar. Roƙi maƙwabcinka mai sabon inji ya yi haka. In naka ya shayar da 30, nasa 45, ka ga inda kuɗinka ke zurarewa.

Abu na ƙarshe a lissafin ya fi kowanne ciwo, wato ranakun da inji ke kwance. Tumatir yana fure, albasa tana ƙwai, alkama tana fitar da kai, inji yana shagon bakanike kwana huɗu. Ko ka yi hayar na wani, ko shuka ta yi yaushi. Rubuta waɗannan ranaku su ma. Shi ya sa ake gwada inji tun ana sauran makonni a fara dashe, lokacin da akwai kuɗin kaka a hannu.

In za ka sake

Sabon fenti ba ya nufin nagarta. Tsohon inji gangariya da aka kula da shi yakan fi wani sabon jabu daɗewa, don haka kada ka rabu da shi a kan gyara ɗaya. In ka shiga kasuwa, tafi da wanda ya san inji. Zaɓi irin da ake samun kayan gyaransa a garinku. Karɓi rasit, ka karanta shi kafin ka bar shagon. Tambayi farashin injin da ke aiki da hasken rana, ka auna shi da kuɗin feturin da littafinka ya nuna. Tsohon kuma ajiye shi, kafiretarsa da tankinsa za su yi maka rana.

Sabon inji ana sake masa baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100. In an gama rani, tsiyaye fetur da ruwan famfo kafin ka ajiye.

Aikin yi

1. Sabon inji naira 180,000 ne. Bakanike ya ce gyara 70,000. Ya kai rabi?
2. Inji yana aiki awa 5 kullum. Kwana nawa zai yi kafin ya cika awa 100?
3. Buɗe shafin farko na littafinka. Rubuta shekarar da ka sayi injinka, da gyare-gyaren bara da kake iya tunawa, kowanne da kuɗinsa. Haɗa jimla, ka zo da littafin aji mako mai zuwa.