Kurakuran da iyalai ke yi wajen auna ingancin wurin jinyar mai ciwon da ba ya warkewa

Duk wanda ya taɓa jinyar mai cutar daji da ta yi nisa, ko mai ciwon hanta ko na ƙoda da ya kai matakin ƙarshe, ya san ranar da likita ke jan babban ɗa ko miji gefe ya shaida masa cewa an yi iya abin da za a iya yi. Daga wannan ranar tambayar da ke gaban iyali takan sauya, ta tashi daga neman inda za a warkar da majinyaci ta koma neman wanda zai kula da shi yadda ya kamata a sauran kwanakin da Allah ya rage masa. Akwai fannin aikin lafiya da aka keɓe domin wannan, ana kiransa kulawar sauƙaƙa raɗaɗi, wurin da ake yin ta kuma Turawa na ce masa hosfis. Cicely Saunders, wadda ta fara aiki a matsayin ma'aikaciyar jinya kafin ta zama likita, ita ce ta buɗe na farko irin na zamani a Landan a 1967, wato St Christopher's. Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993, a Nijeriya kuwa Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe sashensa a 2007, kuma akwai irinsa a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya. A wajenmu yawanci ba gini ne mai zaman kansa ba, sashe ne a cikin babban asibiti, ko tawagar ma'aikata masu biyo majinyaci har gida.

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar wannan kulawa kowace shekara, amma kimanin kashi 14 cikin ɗari kawai ke samunta. Wannan ƙarancin ne ke sa iyalin da suka dace da wuri su ji nauyin bincikarsa, su ga kamar tambaya butulci ce. Ba butulci ba ce, haƙƙin majinyaci ne, sai dai sau da yawa da ma'aunin da bai dace ba muke yin awon.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne auna kulawa da yawan ƙarin ruwa da allurai. Ni kaina na faɗa cikinsa lokacin jinyar gwaggona, wadda cutar dajin mama ta riga ta kai mata ga ƙashi. Mun ɗauke ta daga wurin da ake ba ta maganin sha muka kai ta wani asibiti mai zaman kansa, domin a can ledar ruwa ba ta ƙarewa sai an rataya wata, mu kuma muna ganin wannan shi ne aiki. Cikin kwana huɗu ƙafafunta da hannayenta suka kumbura har zobban yatsun hannunta suka maƙale, numfashinta ya yi nauyi, ciwon ƙashin kuwa yana nan inda yake. Jikin da ya yi rauni sosai ba ya iya sarrafa ruwa mai yawa, sai ruwan ya taru a ƙafa da ciki da huhu ya ƙara wahala. Gyaran wannan kuskure tambaya ɗaya ce da ya kamata a yi wa ma'aikata game da kowane magani, kowace allura da kowane gwaji: wace wahala ce wannan zai rage masa? Wurin da ya san aikinsa zai amsa ba tare da ɓata rai ba, wani lokaci ma shi zai fara cewa a daina ɗibar jini kowace safiya tunda sakamakon ba zai sauya komai ba.

Kusa da wannan akwai ruɗuwa da gini. Fenti da tayil da na'urar sanyaya ɗaki abubuwa ne masu kyau, amma da rana ake ganinsu, ciwo kuwa da dare ya fi tsananta. Wanda ke son sanin gaskiyar wuri ya nemi izinin zama bayan sallar isha'i, ko ya yi sammako kafin a share ɗakuna a canja zanin gado. Ya lura da tsawon lokacin da ma'aikaciyar jinya ke ɗauka kafin ta zo idan an kira ta, ya ji ko ɗakin na zarnin fitsari, ya kuma tambaya wa ke riƙe da mabuɗin ma'ajiyar magani da dare, domin babu amfanin maganin da ke cikin kabad idan mai mabuɗin ya tafi gida.

Batun raɗaɗi ne ya kamata a fi tsayawa a kansa, domin a nan ingancin wuri ke bayyana, a nan kuma iyalai suka fi yin kuskure. Na farko, mukan ɗauki shirun majinyaci a matsayin sauƙi. Dattijon da aka rene shi a kan haƙuri da dauriya ba zai yi ihu ba, idan aka ce masa "Baba, yaya jiki?" zai ce "Da sauƙi, alhamdu lillahi," alhali ya damƙe bakin gado da hannu yana cije leɓe. Ma'aikaci mai horo ba ya tsayawa a kan wannan amsa. Yakan nemi majinyaci ya auna ciwon daga 0 zuwa 10, ko ya nuna da yatsun hannu, dunƙulallen hannu na nufin babu ciwo, yatsu biyar kuma na nufin ciwon da ba a iya jurewa, sannan ya rubuta adadin ya sake tambaya bayan an ba da magani. Iyali su nemi a nuna musu wannan rubutu. Idan a katin majinyaci akwai awon zafin jiki da na hawan jini amma babu awon ciwo ko sau ɗaya, to ba a ɗauki ciwon a matsayin abin da ake yi wa magani ba.

Na biyu shi ne yarda da tsarin jira sai ciwo ya taso. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa ƙa'idar maganin ciwon daji: a ba da shi ta baki muddin majinyaci na iya haɗiya, a ba da shi bisa agogo, a kuma hau da shi mataki-mataki daga irin su farasitamol zuwa mafi ƙarfi, wato mofin. Mofin na ruwa ana shan sa duk bayan awa huɗu ko da ciwon bai dawo ba, domin manufar ita ce kada ya dawo, kuma akwai ƙarin awo da ake tanada idan ya kutso tsakanin lokuta biyu. Wurin da ke barin majinyaci ya yi ta murƙususu sannan a ɗirka masa allurar fentazosin ya yi barci na ɗan lokaci ya farka cikin azaba, bai bi wannan ƙa'ida ba. Wannan allura ba a ba da shawarar dogara da ita a ciwon daji mai daɗewa, kuma tana iya rage aikin mofin idan aka haɗa su.

Na uku, wanda ya fi ba ni takaici, shi ne iyali su hana majinyaci mofin da kansu. Tsoron yana da dalili. Mun ga ɓarnar da taramol da kodin suka yi wa matasa a garuruwanmu har gwamnatin Nijeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, don haka duk maganin da aka ce yana da ƙarfi sai a ɗauke shi ƙwaya. Wasu kuma na cewa da an fara mofin an sallama mutum ke nan. Amma mai shaye-shaye maye yake nema, mai ciwon daji kuwa barci da ikon juyawa a kan gado yake nema, kuma mofin da aka fara da ƙaramin awo aka riƙa ƙarawa a hankali bisa ƙarfin ciwo ba ya gaggauta ajali. Yuganda ta amince da shi har ta ba ma'aikatan jinya masu horo na musamman izinin rubuta shi tun 2004. Abin da ya kamata iyali su bincika shi ne ko wurin yana da shi a kai a kai, da abin da ake yi idan ya yanke, da kuma ko ana haɗa shi da maganin sassauta ciki, domin kusan duk mai shan mofin yakan yi fama da maƙarƙashiya. Gyangyaɗi da tashin zuciya na kwanakin farko sukan lafa, amma taurin bayan gida ba ya lafawa da kansa, kuma ma'aikacin da bai taɓa tambayar yaushe majinyaci ya zaga ba ya bar aikinsa rabi.

Kunya ma na jawo kuskure. 'Yan dubiya fuska suke gani, su ce sannu, su yi addu'a su tafi, alhali labarin jinya yana ƙarƙashin mayafi. Ya kamata wani na jiki, mace ga mace, namiji ga namiji, ya riƙa duba ƙugu da gadon baya da dunduniya da kafaɗa kowace rana. Fatar da ta yi duhu ko ja, ko ta yi zafi ko ta saɓule, ita ce farkon gyambon kwanciya, kuma hanyar hana shi ita ce juya wanda ba ya iya motsi kamar duk bayan awa biyu tare da kiyaye shimfiɗa a bushe. A duba baki kuma, ko harshe ya bushe ya tsage ko ya yi fari-fari, domin ciwon baki kaɗai na iya hana mutum sha. Idan akwai miki mai wari, wurin da ya ƙware ya san ana niƙa ƙwayar Flagyl a barbaɗa a kai warin ya ragu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin na ga yadda wari ke sa jikoki su daina shiga ɗakin kakarsu, ita kuma ta gane dalili ta yi shiru.

Akwai iyalan da ke zargin wuri da sakaci saboda ba a matsa wa majinyaci ya ci abinci ba. Ƙin cin abinci a ƙarshen ciwo daga cutar yake, kuma ɗura wa mai rauni kunu ko fura na iya sarƙe shi abincin ya gangara huhu. Cokali biyu na abin da yake marmari, da jiƙa masa leɓe da tsumma mai tsabta, sun fi kwano cike da aka tilasta masa.

Wani kuskuren kuma shi ne mu yaba wa likitan da ke magana da mu ya tsallake majinyaci. A al'adarmu manyan gida ke karɓar labari mai nauyi, sau da yawa kuma sukan roƙi a ɓoye wa mai ciwon. Niyyar kyakkyawa ce, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mafi yawan marasa lafiya sun riga sun fahimci halin da suke ciki. Saunders ta koyar da cewa ciwon mai jiran ajali ba na jiki kaɗai ba ne, akwai na zuci da na zamantakewa da na ruhi: bashin da bai biya ba, amanar da ke hannunsa, ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa ga maciji, marayun da zai bari. Wurin kirki ba ya jefa wa mutum labari kamar dutse, ba ya kuma yi masa ƙarya. Yakan zauna kusa da shi ya tambaye shi me ya fahimta da abin da yake son sani, ya bar shi ya kai iyakar da yake so. Bayan mun mayar da gwaggona wurin farko, wata ma'aikaciyar jinya ta zauna a bakin gadonta ta ce, "Mama, me ya fi damunki yau?" Ba ƙashin ta ambata ba, adashen matan unguwa da ke hannunta ta ambata, kuma ranar da aka kira su aka miƙa wa kowa kuɗinta ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Jinkiri kuskure ne da ke ɓata duk wani awo, domin wanda aka kawo yana gargara babu abin da za a iya nuna masa na ƙwarewa. Ana iya fara wannan kulawa tun ana kan gasa cutar da na'ura ko ƙarin maganin daji. A wani bincike da aka wallafa a 2010 kan masu cutar dajin huhu 151 a birnin Boston na Amurka, waɗanda aka fara yi wa ita da wuri sun fi samun natsuwa da ƙarancin damuwa, matsakaicin abin da suka rayu kuma ya kai wata 11.6, na sauran kuwa wata 8.9.

Tunda yawancin marasa lafiyarmu a gida suke son cikawa, kuskure ne babba a karɓi sallama ba tare da an tambayi abin da zai biyo baya ba. A nemi lambar wayar da za a kira cikin dare, a gwada ta tun ana asibiti a ga ko ana ɗauka. A tambayi sau nawa za su zo gida, a ina za a sake karɓar mofin kafin ya ƙare, nawa ne kuɗin kowane abu, a kuma nemi a rubuta. A lura ko sun koya wa mai jinya, wadda galibi 'ya ce ko mata ko suruka, yadda ake juya majinyaci ba tare da ta ji wa bayanta ciwo ba, da yadda ake auna magani da sirinji, da alamomin kusantowar ajali, kamar yawan barci da sanyin ƙafafu da kakarin da ke fita daga maƙogwaro, wanda ya fi tayar da hankalin masu sauraro fiye da mai yin sa. Wurin da ya tambayi mai jinya ko ta samu barci, ya kuma shawarci iyali su riƙa karɓar ta, ya san cewa idan ta faɗi jinyar ta rushe.

Ga waɗanda za su zauna a asibiti har ƙarshe, a tambaya tun da wuri ko za a bar na jiki su kwana kusa da shi, ko akwai labule ko ɗakin da za a keɓe shi, ko za a bar liman ko fasto ya shigo a kowane lokaci, ko kuma za a yarda a juya gado ya fuskanci alƙibla a laƙƙana masa kalmar shahada cikin natsuwa. Idan an ga gazawa a ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa, kada a tara ta a zuci sai ranar zaman makoki. A wakilta mutum ɗaya daga cikin iyali, ya riƙa rubuta rana da lokaci da abin da ya faru a ƙaramin littafi, ya kai wa shugabar ma'aikatan jinya ta sashen cikin ladabi ya nemi ranar da za a gyara. Idan ranar ta wuce ciwon majinyaci bai sauka ba, ya nemi takardar bayanin jinya da jerin magunguna da awonsu, domin duk inda za a mayar da shi a ci gaba daga inda aka tsaya ba tare da ya rasa awo ko ɗaya ba.