Kurakuran da sababbin masu aikin sa kai ke yi a tsofaffin makabartun Landan

Shekara huɗu ke nan ina aikin sa kai a ɗaya daga cikin manyan makabartu bakwai da aka buɗe a kewayen Landan tsakanin 1833 da 1841, irin su Kensal Green da Highgate da Nunhead. Duk bazara sababbi na zuwa, kuma ɓarnar da suke yi iri ɗaya ce. Na gaji da maimaita magana.

Babbar ɓarna ita ce wanke dutsen kabari kamar ana wanke banɗaki. Ni ma na yi ta, shi ya sa nake da zafi a kai. Mu a gida gyaran makabarta aikin gayya ne: a fito da fartanya da adda, a share ciyawa, a cike kabarin da ya rufta. Da wannan tunanin na zo. A makona na biyu na ga wani farin dutsen mabul na wata yarinya, ya yi baƙi ƙirin, tausayi ya kama ni. Na zo da bilic da buroshin waya daga gida, ban tambayi kowa ba. Ashe haruffan sunanta na darma ne, an dasa su cikin dutsen. Ina gogawa, biyu suka faɗo cikin ciyawa, ɗaya har yau ban same shi ba. Dattijuwar da ke kula da mu ta zo ta tsuguna, ta shafa gurbin da yatsa, ba ta ce da ni uffan ba. Da sanyi ya shigo, fuskar dutsen ta fara marmashewa kamar sukari, domin bilic yakan bar gishiri a cikin dutse, gishirin ya riƙa cin sa daga ciki. Ruwan lemon tsami ya fi muni, narkar da mabul yake yi.

Don Allah ku bar wannan hali! Dutsen da ya haura shekara 150 cikin ruwa da ƙanƙara ba ya jiran ku zo ku mai da shi sabo. Ni yanzu ruwa zalla nake amfani da shi, da buroshi mai taushi, kuma sai na nemi izini. Kafin nan nakan ƙwanƙwasa dutsen da ɗan yatsa a hankali. In na ji ƙarar rami, ko na ga yana ɓamɓarewa, ko ruwan ba na zuba masa. Gansakukar da ta manne masa ma barinta nake yi, wasu na gogewa, ni ban yarda ba.

Sai tsiron nan mai yaɗo da suke kira aibi. Sabon zuwa zai cafke shi ya fizga da ƙarfi, ya taho da fatar dutsen da rabin rubutun. Yanke shi nake yi daga gindi, in bar shi ya bushe watanni, sannan in zare a hankali. Daga Maris zuwa Agusta kuwa ba na taɓa duhuwa sai na duba, saboda dokar kare namun daji ta Birtaniya ta 1981 ta hana lalata sheƙar tsuntsu mai ƙwai ko 'ya'ya a ciki.

Rubutun da ya dusashe, kada a shafa masa alli ko gari. Haska tocila daga gefe, inuwa za ta fito da haruffan. Wajen kwafa, rubuta abin da ka gani, ko da mai sassaƙar ya yi kuskure, domin jikokin mamacin da shi za su yi bincike.

Kada ka jingina da dutse, da yawansu ba su da gindin kirki. In ka ga ƙashi a bakin ramin dila, kada ka ɗauka, ka kira ma'aikaci. Ɗalibai kuma, ku duba sharuɗɗan bizarku tukuna, domin wani aikin da ba a biya yakan shiga lissafin awa 20 a mako da biza ta yarda ɗalibi ya yi aiki lokacin karatu.

Na sha ganin 'yan'uwa suna taka kabari don yanke hanya, wai ai ba na Musulmi ba ne. Wanda ya yi haka a gabana, nakan tsayar da shi in nuna masa turbar da aka share, ga ta nan taku biyar kacal.