Yadda sabuwar ƙasa take samun duniya ta yarda da ita har a ƙulla hulɗar jakadanci

Sau da yawa in ana hira a majalisa nan Kano sai kaji wani yace ai yanki kaza ya ɓalle, sun ɗaga tuta sun yi taken ƙasa, shikenan sun zama ƙasa. Wallahi ba haka abin yake ba. Ɗaga tuta da karanta jawabi a rediyo aikin yini ɗaya ne, a watan Afrilun 2012 'yan tawayen Abzinawa a arewacin Mali sun yi shelar ƙasar Azawad, ba a samu ƙasa ko ɗaya da tace ta yarda da su ba, kafin shekara ta zagayo maganar ta bi ruwa. Aikin gaske yana farawa ne bayan an gama bikin. To bari mu ɗauka kai aka ɗora wa nauyin nemo wa sabuwar ƙasa karɓuwa a duniya, ga yadda ake bi.

Da farko ka tabbatar abin da ke hannunka ƙasa ce. Akwai yarjejeniyar da ƙasashen nahiyar Amurka suka sa wa hannu a birnin Montebidiyo a 1933, har yau ita ake kafa hujja da ita, sharuɗɗa huɗu ta kawo: jama'ar da ke zaune dindindin, yanki sananne, gwamnati mai iko da wajen, sai kuma ikon yin hulɗa da wasu ƙasashen da kanka ba sai wani ya yi maka ba. Wannan kowa ya sani kuma ba zan daɗe a kai ba, saboda cika su kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Somaliland, yankin da ya ɓalle daga Somaliya, tun 1991 take da gwamnatinta da kuɗinta da sojojinta, tana yin zaɓe ana miƙa mulki lafiya lau, amma sai da ta haura shekara 30 babu ƙasar da ta amince da ita a hukumance.

Mataki na biyu shi ne uwa uba, in ka samu wannan sauran duk sauƙi ne, in ka rasa shi kuma to ka shirya wahala ta shekaru: ka samu yardar ƙasar da ka fito daga cikinta. Kamar ɗan da zai fita daga gandu ne ya ware gonarsa, in mahaifinsa ne ya yanka masa ya sa masa albarka babu maƙwabcin da zai tsaya tambaya, in kuwa da rigima ya fita kowa sai ya kama bakinsa don kar ya ɓata da maigida. Duba Najeriya mana, sai da aka yi ta zaman tsarin mulki a Landan a 1957 da 1958 aka daidaita da Ingila, ranar 1 ga Oktoba 1960 aka miƙa wa Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa takardun 'yanci a Legas, ranar 7 ga watan kuma, kwana shida kacal, Najeriya ta zama mamba ta 99 a Majalisar Ɗinkin Duniya. Babu wanda ya ja da ita tunda mai mulkin mallakar da kansa ya sakar mata mara.

Sudan ta Kudu ma ta wannan ƙofar ta bi duk da cewa ita da jini aka buɗe ta, yaƙin 1983 zuwa 2005 an ƙiyasta ya ci kusan mutum miliyan 2, kuma duk mai maganar ɓallewa da sauƙin baki ya kamata ya riƙe wannan adadin a ransa. A 2005 aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Nairobi, aka rubuta a ciki cewa bayan shekara shida za a yi ƙuri'ar raba gardama, aka yi ta a Janairun 2011 kusan kashi 99 cikin 100 suka zaɓi rabuwa. Abin lura anan, gwamnatin Khartum ce ta riga kowa sanar da amincewarta, Umar al-Bashir da kansa ya je Juba bikin ranar 9 ga Yuli, kaga kuwa ranar 14 ga Yuli har an ba su kujera ta 193 a Majalisa. Eritiriya haka a 1993, ƙuri'ar raba gardama a Afrilu da yardar gwamnatin Habasha, a watan Mayu ta shiga Majalisa. Yanzu kwatanta da Biyafara, an yi shelarta 30 ga Mayu 1967 ba tare da yardar gwamnatin tarayya ba, ƙasashe biyar kaɗai suka amince da ita, Tanzaniya da Gabon da Kwaddibuwa da Zambiya sai Haiti, ko Faransa da ke taimaka mata ta bayan fage ba ta fito ta amince a hukumance ba, har yaƙin ya ƙare a Janairun 1970 bayan asarar rayuka mai ban tausayi. Don haka shawarata, duk abin da za a rubuta a rubuta shi kafin ranar 'yanci, iyaka da rabon bashi da dukiya da makomar mutanen da ke zaune a ɓangaren da ba nasu ba, don abin da aka bari a buɗe shi yake dawowa ya zama fitina, har yau ba a gama da maganar yankin Abyei tsakanin Sudan biyun ba.

Na uku, kafin ka hango Washinton ko Landan fara da maƙwabta da ƙungiyar yankinku. A Afirka wannan ba ƙaramin shinge ba ne, domin a taron Alƙahira na 1964 shugabannin ƙungiyar haɗin kan Afirka ta OAU sun yanke cewa za a mutunta iyakokin da aka gada daga Turawa, kowa yana tsoron in ya goyi bayan ɓallewa a gidan wani gobe a yi masa a nasa. Shi yasa sai ka samu babbar ƙasa a yankin da za ta tsaya maka. Mu Kanawa muna da misali a gida, Janar Murtala Muhammad. Angola ta samu 'yanci daga Fotugal a Nuwamban 1975 ƙungiyoyi uku suna faɗa kan mulki, sojojin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu sun shigo suna mara wa wani ɓangare baya, nan take Murtala ya sa Najeriya ta amince da gwamnatin MPLA, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ukun, shugaban Amurka Ford ya rubuto wa shugabannin Afirka wasiƙa yana neman karkata ra'ayinsu, Murtala ya je taron OAU a Addis Ababa a Janairun 1976 ya faɗa musu a gaban kowa cewa Afirka ta wuce a riƙa ba ta umarni. A wannan taron ƙuri'ar amincewa da gwamnatin MPLA ta rabu biyu daidai, amma a watan Fabrairu OAU ta karɓi Angola. Ni a ganina wannan yana cikin ranakun da Najeriya ta fi daraja a idon duniya, kuma ya nuna abin da ƙasa ɗaya mai nauyi za ta iya yi wa sabuwar ƙasa.

Sai dai karɓuwa a ƙungiyar yanki ba ita ce ƙarshe ba. Jamhuriyar Sahrawi ta Yammacin Sahara mamba ce a Tarayyar Afirka, saboda ita Maroko, mai iƙirarin yankin nata ne, ta fice daga OAU a 1984 sai 2017 ta dawo, amma har yanzu Sahrawi ba ta da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Na huɗu, rubuta wasiƙu. Eh, wasiƙu na zahiri, ministan harkokin wajenka zai aika wa kowace ƙasa takarda yana sanar da ita an samu sabuwar ƙasa, tana mutunta dokokin duniya, ga matsayinta kan yarjejeniyoyin da ta gada, tana neman a amince da ita. Kowace ƙasa ita ke yanke wa kanta hukunci, babu kotun da za ta tilasta mata, wata ta fitar da sanarwa, wata shugabanta ya aiko da saƙon taya murna, wata kuma ta yi shiru tana kallon inda manya za su karkata. Anan ka yi hattara da abu biyu. Kar ka zama ɗan gidan ƙasa ɗaya, Arewacin Sayifurus tun 1983 Turkiyya kaɗai ta yarda da ita domin duniya na ganin da ƙarfin sojan Turkiyyar aka kafa ta. Kuma kar tushenka ya zama zalunci, a 1965 Turawa 'yan tsiraru ƙarƙashin Ian Smith sun yi shelar 'yancin Rodeshiya don su ci gaba da danne baƙar fata, suna da soja suna da kuɗi amma ba su samu amincewar kowa ba har ƙasar ta zama Zimbabuwe a 1980.

Na biyar sai Majalisar Ɗinkin Duniya. Ita Majalisar ba ita ke amincewa da ƙasa ba, mamba take ɗauka, amma da zarar ka samu kujerar gardama ta kusa ƙarewa. Za ka miƙa takardar nema ga Babban Sakatare tare da alƙawarin bin kundin Majalisar, shi zai tura wa Kwamitin Sulhu mai ƙasashe 15, kana buƙatar ƙuri'a 9 kuma kar ko ɗaya cikin manyan nan biyar, Amurka da Rasha da Sin da Ingila da Faransa, ta hau kujerar na-ƙi, in ka tsallake nan sai Babban Zaure inda ake son kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a. Matsalar kullum tana wajen biyar ɗin nan ne. Muritaniya ta samu 'yanci a 1960 Tarayyar Sobiyet ta tare ta sai 1961 ta shiga, Bangaladash Sin ta tare ta a 1972 sai 1974, Angolar da muka ambata Amurka ta tare ta kafin daga baya ta shiga a Disambar 1976. Kosobo tun 2008 take jira saboda Rasha na tare da Sabiya, ƙasar da ta ɓalle daga cikinta. Wanda ya fi ci min rai shi ne na Falasɗinu, ƙasashe sama da 140 sun amince da ita, Najeriya na ciki tun 1988, a Nuwamban 2012 ƙasashe 138 suka zaɓi a ba ta matsayin 'yar kallo, amma da aka kawo maganar cikakkiyar kujera a Afrilun 2024 Amurka ita kaɗai ta hau kujerar na-ƙi magana ta tsaya. Kenan tun kafin ka miƙa takarda ka bi biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ka ji bakinsu, in ba za su goyi bayanka ba a ƙalla su ƙaurace wa ƙuri'ar.

Na shida, ƙulla hulɗar jakadanci, kuma wannan daban yake da amincewa, ƙasa tana iya yarda kai ƙasa ne amma ba ta da jakada a wajenka. Ƙa'idojin suna cikin yarjejeniyar Biyana ta 1961, sai ɓangarorin biyu sun yarda, yawanci a fitar da sanarwar haɗin gwiwa. In za ka tura jakada sai ka fara aika sunansa a asirce ka jira su ce sun karɓa, suna da damar ƙi ba tare da sun faɗi dalili ba, in sun yarda ya tafi da takardun kama aiki ya miƙa wa shugaban ƙasar hannu da hannu, irin hotunan da muke gani ana yi a fadar shugaban ƙasa a Abuja. Daga nan ofishinsa ya samu kariya, 'yan sanda ba sa shiga sai da izininsa. Ƙaramin ofishin jakadanci kuma shi ke kula da biza da fasfo da matsalolin 'yan ƙasa, irin na Saudiyya da na Nijar da muke da su a nan Kano, ko namu da ke Jidda. Buɗe ofishi kuɗi ne mai yawa, don haka sabuwar ƙasa ta fara da maƙwabta da Niyok da Addis Ababa da inda mutanenta suka fi zuwa kasuwanci, jakada ɗaya yana iya riƙe ƙasashe uku ko huɗu. Kuma a zaɓi mutanen kirki masu natsuwa da iya magana, don da su ake auna ƙasar gaba ɗaya. Marigayi Alhaji Ado Bayero yana jakadan Najeriya a Senigal aka kira shi ya zama Sarkin Kano a 1963, Ɗan Masanin Kano Maitama Sule kuwa ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya zamanin Shagari har ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata, irin waɗannan ake nema.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da ba a cika kawo su a labarai ba alhali su talaka yake ji a jikinsa. Lambar waya ta ƙasa, tamu 234 ce, Sudan ta Kudu aka ba ta 211. Kuɗin ƙasa da babban banki, shiga Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni, wanda Sudan ta Kudu ta yi a 2012, rajista da hukumar jiragen sama ta duniya, da fasfon da jami'in shige da fice a wata ƙasa zai karɓa ya buga masa hatimi. Ka tuna ɗan kasuwar Kwari da zai je Sin sayen kaya ko maniyyacin da zai tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, duk tafiyarsu a kan wannan ɗan littafin ta rataya, hatta kujerun Hajji da hukumomin ƙasa Saudiyya take yin yarjejeniyarsu.

Na ƙarshe, riƙe abin da ka samu. Juyin mulki ba ya soke kasancewar ƙasa, da sojoji suka karɓi mulki a Nijar a Yulin 2023 ba wanda yace Nijar ta daina zama ƙasa, gwamnatin ce aka ƙi yarda da ita aka rufe iyaka, kuma 'yan kasuwarmu masu bin hanyar Maraɗi da Damagaram sun ji jiki. Amma ƙasar da matsayinta ke da gardama tana iya rasa abokai ɗaya bayan ɗaya in abokin hamayyarta ya fi ta ƙarfi da kuɗi. Gwamnatin Taiwan ce ke riƙe da kujerar Sin a Majalisa har 1971 aka miƙa wa Beijin, a shekarar Najeriya ma ta ƙulla hulɗa da Beijin ɗin, a 2017 gwamnatin tarayya ta sa ofishin kasuwancin Taiwan ya tashi daga Abuja ya koma Legas, Burkina Faso ta yanke hulɗa da ita a 2018, daga nan duk faɗin Afirka Eswatini kaɗai ta rage mata.