Sayen madubin hangen nesa na farauta da kuɗi kaɗan

Idan ka shiga babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, neman madubin hangen nesa, wanda za a fara miƙo maka shi ne mai manyan lambobi a jiki: 20x50, 60x60, ko mai ɗan maɓallin da ake turawa wai yana ƙara kusanto da abu, gilashinsa ja wur, kwalinsa da hoton soja. Ka yi godiya, ka mayar wa mai shi abinsa. Mai farauta a dajinmu ƙaramar lamba yake bukata, ni kuwa duk wanda ya tambaye ni amsata ɗaya ce: 8x40 ko 8x42.

Lambar farko tana faɗin sau nawa madubin ke kusanto da abu. Da mai lamba 8, mariyar da ke tsaye a nisan mita 400 za ka gan ta kamar tana mita 50. Lamba ta biyu faɗin gilashin gaba ce a milimita, ƙofar da haske ke shiga ke nan. Mutane suna ɗauka idan 8 ta yi kyau to 20 ta fi, amma madubi ba dabba kaɗai yake girmamawa ba, har rawar hannunka yake ninkawa. Ka yi tafiyar awa biyu da bindiga a kafaɗa, kana haki, sannan ka ɗaga mai lamba 20, sai ka ga itatuwa suna tsalle. Ga kuma ƙuncin fili. Mai lamba 8 nagari yana nuna maka faɗin mita 130 zuwa 140 a nisan kilomita ɗaya, mai lamba 10 kuwa wajen 110 ne, haka abin ke ta matsewa. Garken zabi ya tashi daga gindin ƙirya, kafin ka lalubo su a cikin ƙaramin da'ira sun faɗa ciyawa. Wannan faɗin ana rubuta shi a jikin madubin kusa da wajen sa ido, misali 140m/1000m. In da ƙafa da yadi aka rubuta, kamar 420ft/1000yds, raba 420 gida uku, ka samu mitarka.

Akwai wani dalilin da ya shafe mu musamman. Farautarmu ta rani ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ne a sama, daga Maris kuma zafin Garwa ya wuce digiri 40, ƙasa tana tafasa, kawalwalniya tana rawa tun hantsi. Babbar lamba hazon da kawalwalniyar take kusanto maka da su, ba dabbar ba. Sannan dajin da ke tsakanin Binuwai da Faro daji ne mai itatuwa, ba kasafai ido ke miƙewa da nisa ba sai wani reshe ya tare shi. Wanda ke yawo a buɗaɗɗen fili irin na kwarin Logon, ko manyan fadamu bayan ruwa ya janye, shi zan yarje wa 10x50, in ya yarda da ɗaukar kusan kilo guda a wuya. Daga 10 kada a ƙara.

Yanzu ga lissafin da ya fi kowanne amfani. Raba lamba ta biyu da ta farko. 42 a raba 8 ya ba da biyar da ɗoriya. Wannan shi ne faɗin ɗigon hasken da ke fitowa ya shiga idonka, a milimita. Ka riƙe madubin nesa da fuska, ka fuskantar da shi sama wajen da babu rana, za ka ga ɗigon a tsakiyar gilashin ido, fari fat. Da rana tsaka ƙwayar idon mutum tana tsukewa zuwa milimita 2 ko 3, don haka ko ɗan ƙaramin 10x25 na aljihu, mai ɗigon 2.5, sai ya yi maka kyau a bakin shago da azahar. Ai nan ake kama mutane. Dabba ba da azahar take fitowa ba, da sanyin asuba ne da kuma goshin magariba, lokacin da ƙwayar ido ta buɗe tana neman haske. A lokacin ɗan aljihun nan duhu zai nuna maka, mazo na tsaye a inuwar kurmi kana kallonsa ba ka gan shi ba. Nemi ɗigon 5. Akwai 7x50 mai ɗigon 7, na masu jiragen ruwa, yana da kyau ga saurayi, amma irinmu da muka haura hamsin ƙwayar idonmu ba ta cika wuce 5 ba ko a duhu, sauran hasken asararsa muke yi, nauyin kuma muna ɗauka.

Da wannan lissafin ake kama maƙaryacin madubi. In da gaske 60x60 ne, ɗigonsa milimita 1 zai zama. Ka tafi kasuwa da rular 'yan makaranta, ka auna gilashin gaba, ka auna ɗigon, ka raba. Sau da yawa za ka tarar gaban bai kai abin da aka rubuta ba, kusantowar kuma ba ta wuce 8 ko 10 ba. Wanda aka rubuta wa cewa yana gani da dare, shi ma ƙarya ce, gilashi ba ya ƙirƙirar haske. Balle ma farautar dare da fitila doka ta hana.

Madubai iri biyu ne a ƙira. Akwai mai kafaɗa, wanda gilasan gabansa suka fi na ido warwatsuwa, ana ce masa Porro, da sunan Ignazio Porro, mutumin Italiya da ya fito da tsarin a 1854. Akwai kuma miƙaƙƙe, bututu biyu santal, wanda ya fi kyan gani da sauƙin ɗauka, shi ne samari ke so. In aljihunka ba nauyi, ɗauki mai kafaɗa. Gilasan da ke juya hoto a cikin miƙaƙƙen suna bukatar shafi na musamman da saiti mai tsanani kafin su ba da hoto garau, aikin kuwa kuɗi yake ci. Mai kafaɗa ba ya bukatar wannan, don haka a farashi ɗaya ya fi haske, ya fi kaifi, kuma ya fi nuna maka abin da ke gaba da abin da ke baya, wanda ke taimakawa wajen ware dabba daga cikin rassa. Aibinsa shi ne girma, kuma yawancin masu arahar ba a toshe su daga ruwa da ƙura ba. Nikon Aculon A211 da Olympus 8x40 irin wannan ne, suna aiki amma sai da lallami. Nikon Action EX a toshe yake, in kuɗinka ya kai, ƙarin ya cancanta, don ƙurar hunturu tana shiga inda ruwa ma ba ya shiga.

Sai dai suna a jiki ba shaida ba ne. Yuro ɗaya sefa 656 ne, bai motsawa. Madubin da ake sayarwa Yuro 100 a Faransa ya tasar wa sefa dubu 66 tun kafin a biya kuɗin jirgi da na kwastan a Duwala. To in wani ya ce zai ba ka sabon Nikon ko Bushnell a dubu goma, kai ma ka san amsar. Araha ba ta ado. Kada kuma ka aika kuɗi don hoton da aka turo maka a WhatsApp, cinikin biri a sama ne, domin ko madubi biyu daga kwali ɗaya suka fito ba lallai saitinsu ya zo ɗaya ba.

Ka je shagon bayan la'asar, lokacin da haske ya fara ja baya. Ka ce, "Alhaji, zan fita da shi bakin titi in gwada." In ya ce ba a buɗe kwali, ka ce, "Allah ya ba da kasuwa," ka wuce gaba. In ya yarda, fara da juya madubin, ka kalli gilashin gaba kamar mai duba fuska. Mai shafi nagari ba zai nuna maka fuskarka sosai ba, sai wata inuwa kore-kore ko shuɗi-shuɗi can ciki. Wanda ya dawo maka da fuskarka fes, ko yake walƙiya ja ko ruwan lemo, hasken da ya kamata ya shiga idonka ne yake mayarwa waje. Jan nan kuma yana sa komai ya koma kore-kore a ciki, alhali kai launin jar gada kake nema a cikin busasshiyar ciyawa, ga shi yana ƙyalli da rana yana tona maka asiri. Sannan ka duba ɗigon hasken nan. In zagayayye ne tas, madalla, galibi irin gilashin da ake rubuta wa BaK-4 ke nan. In ka ga gefunansa huɗu sun dushe kamar an yanke, BK-7 ne, yana rage haske a gefe. Ba haramun ba ne, amma a rage maka kuɗi.

Gwajin da ba na yafewa shi ne na saitin idanu biyu. Nemi wayar lantarki mai nisa, ko bakin rufin wani bene, ka saita har ya fito sarai. Sai ka janye madubin daga fuskarka a hankali, kamar tsawon tafin hannu, kana ci gaba da kallo ta cikinsa da ido biyu. Wayar da ke gilashin hagu da wadda ke na dama su zama layi ɗaya. In ɗaya ta hau sama ɗaya ta sauka, ajiye shi, ko da kyauta ne. Abin da ya sa ake yaudaruwa shi ne ido yana da haƙuri, zai yi ta ƙoƙarin haɗa hotunan biyu da kansa, a shago ba za ka ji komai ba. Sai ka yi rabin awa kana duba bakin rafi, ka ji goshinka yana sara, idanu suna ruwa, ka ɗauka rana ce. Bayan wannan ka murza tayar tsakiya daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ta tafi sumul ba sassauci ba cijewa. Ka danna wajen sa ido da yatsa, in yana lotsawa, duk sanda ka manna shi a fuska saiti zai gudu. Ka girgiza shi kusa da kunne, kada ka ji motsin komai. Mai sa tabarau ya gwada da tabarau ɗinsa a fuska, ya naɗe robar bakin, ya ga ko yana ganin da'irar duka. Yana bukatar tazarar ido, wato nisan da ido zai yi da gilashin kuma ya ga da'irar duka, ta milimita 15 ko fiye, kuma masu araha da yawa ba su kai ba.

Kada ka raina gwanjo. A cikin kayan da ake saukewa daga Turai akan ci karo da tsofaffin 8x30 na Rasha ko na Carl Zeiss Jena na tsohuwar Jamus ta Gabas, jikinsu ƙarfe, a jakar fata. Ɗigonsu bai kai 4 ba, don haka suna riga 8x42 yin duhu da magariba, amma kaifinsu ya fi na sabon roba mai jan ido nesa ba kusa ba. Abin dubawa a tsoho shi ne ciki. Kunna fitilar wayarka ta wajen sa ido, ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai. In ka ga zare-zare fari kamar saƙar gizo, funfuna ce, tana cin shafin gilashi kuma ba ta goguwa daga waje. In ka ga hazo ko ɓantaren gilashi, bar shi.

In ka saya, akwai saitin da ake yi sau ɗaya wanda da yawa ba su sani ba, har su ce madubin ne ba kyau. Lanƙwasa shi har da'ira biyu su zama ɗaya. Rufe gilashin gaba na dama da tafin hannu, kada ka runtse ido, ka murza tayar tsakiya har idon hagu ya ga rubutun wani allo mai nisa garau. Sai ka rufe na hagu, ka bar tayar, ka murza zoben da ke wajen idon dama har shi ma ya daidaita. Ka yi wa wurin alama da ɗigon fenti, don yaran gida za su murɗa shi.

A daji babur ne babban makashin madubi. Kada ka ɗaure shi a kariya ko ka jefa shi cikin buhu tare da gora da harsashi, hanyar burji za ta goce masa saiti a tafiya ɗaya. Rataye shi a ƙirji, cikin riga. Siririyar igiyar da yake zuwa da ita tana yanka wuya, ka kai wa baduku ya ɗinka maka mai faɗin yatsa uku, gajera, yadda ba zai riƙa dukan gindin bindiga yana ƙara ba. Ƙurar da ta kwanta a gilashi yashi ce, in ka goge da bakin riga ko rawani karce shi kake yi. Hure ta tukuna, ka kaɗe da burushi mai laushi, sannan ka shafa da tsumma mai tsabta da ka ware masa. Kada ka bar shi a gaban mota cikin rana, kada kuma yaro ya kalli rana da shi, makanta ce. Da damina fitar da shi daga jakar fata, ka ajiye inda iska ke ratsawa, tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi.

Wajen dubawa zauna, ka kafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, rana a bayanka, ka bi daji a hankali gindi-gindi. Ba dabba sukutum kake nema ba, kunne ne, ko ƙaho, ko kaɗawar wutsiya. Macen mariya da macen mazo ba su da ƙaho, da madubi za ka tantance kafin ka ɗaga bindiga. Da shi kuma za ka gane cewa jan abin da ke motsi a bayan ciyawa ɗan maraƙin Mbororo ne, yaron da ke kiwonsa yana tsugune a gefe. Dajinmu cike yake da makiyaya da masu yankan ciyawa, ba a leƙen abin da ba a tabbatar ba ta kan bakin bindiga.

Ka karɓi rasit a hannun mai shago, ka haɗa shi wuri ɗaya da takardar bindiga da izinin farauta na ma'aikatar gandun daji. Wanda aka tsayar a shingen jandarma da madubin hangen nesa, musamman daga Marwa zuwa arewa inda sha'anin tsaro ya yi tsami, tambayoyi zai sha, kuma takarda ta fi dogon bayani saurin sallamarsa. Saboda haka ma nake cewa a guji mai launin kakin soja, a ɗauki baƙi. Gandun Binuwai da Faro da Buba Njida da Waza ba a harbi a cikinsu, yankunan farautar da ke kewaye da ukun farko ma akasari suna hannun waɗanda gwamnati ta ba haya, don haka kafin ka fita ka tambayi ma'aikatan gandun daji na yankinku inda iyakar take.