Yadda Ake Tallar Littafi da Baka a Ɗakin Karatu

Duk wanda ya taɓa aiki a laburaren makaranta ko na gari ya san yadda al'amarin yake. Idan jarrabawar WAEC ko NECO ta ƙarato sai kujeru su cika maƙil, amma kantar ƙagaggun labarai tana nan ƙura ta lulluɓe ta, domin yawancin masu shigowa da nasu littattafan darasi suke zuwa, wurin zama da shiru kawai suke nema. Hanyar da na ga ta fi saurin kai hannun yaro ga wannan kanta ita ce tallar littafi da baka, wato ma'aikaci ya tsaya gaban masu sauraro da littafi a hannunsa, ya ɗanɗana musu abin da ke ciki na minti biyu ko uku, kamar yadda mai tsire yake yanko ɗan ƙarami ya miƙa wa mai ciniki. Dabarar ta daɗe a wasu ƙasashe. Tun cikin shekarun 1930 Margaret Edwards, ma'aikaciya a laburaren Enoch Pratt da ke Baltimore a Amurka, take zagaya makarantun sakandare tana yi wa matasa irin wannan talla.

Mataki na farko shi ne zaɓen littattafai. Kada ka tallata littafin da ba ka karanta shi har bangon ƙarshe ba, kada kuma ka ɗauki wanda ka karanta amma bai shiga ranka ba, domin yara suna jin haka a muryar mutum tun kafin ya gama jimla ta biyu. Littattafai huɗu ko biyar sun isa zama ɗaya, kuma ya kamata su sha bamban: ɗaya na ban dariya, ɗaya na jarumtaka, ɗaya na tarihin rayuwar wani, ɗaya siriri saboda wanda karatu yake yi wa nauyi. Ni ba na sa littafin da ke cikin manhajar jarrabawar wannan shekara, domin da zarar ɗalibi ya ji sunansa sai ya ɗauka wani darasi ne aka sake ɓullo masa da shi. Sannan ka je kanta da kanka ka ƙirga kwafi nawa ake da su. Littafin da kwafinsa ɗaya ne tak, kuma an kulle shi a kabad ba a ba da aronsa, tallarsa ɓata wa yara rai kawai take yi.

Mataki na biyu shi ne neman ƙugiyar da za ka maƙalo mai sauraro da ita. Ba taƙaita littafin aka sa ka ba. Ka zaɓi abu guda: ko mutum ɗaya daga cikin taurarin labarin, ko fage ɗaya da aka shiga tsaka mai wuya, ko tambaya ɗaya da littafin ya tayar. A ɗauki misalin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar rubutun ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933. Sabon mai talla yakan fara da wannan tarihi, ya bi da tarihin marubucin, kafin ya iso ga labarin idanun yara sun koma taga. Abin da ya fi shi ne ka fara da mutumin da ya bar gida don neman wani ruwa da zai warkar da ɗan sarki, ruwan da mutane da yawa ba su ma yarda akwai shi ba, sai ka kawo haɗuwarsa guda ɗaya da Malam Zurƙe, ka ba da ita dalla-dalla da muryoyin mutanen biyu. Shekara da sunan hukuma suna iya jira sai wani ya tambaya.

Mataki na uku shi ne sanin inda za ka tsaya, kuma a nan ne kusan duk wanda na gani yana koyo ya faɗi, har da ni. A tallata ta farko, a wata makarantar 'yan mata, na ɗauki littafin da nake matuƙar so. Ɗakin ya yi tsit, wata yarinya a layin gaba ta tallafe haɓa da hannu biyu, alƙalaminta ya faɗi ƙasa ba ta ko duba ba. Daɗin wannan sauraro ya ja ni, na wuce inda na yi niyyar tsayawa, na faɗi yadda aka warware rikicin, na ƙara da darasin da ke ciki. Suka tafa, suka yi godiya, suka fita, littafin kuwa na mayar da shi kanta babu wadda ta nemi aronsa. Da na tambayi yarinyar nan a baranda, sai ta ce da ni cikin ladabi, “Malam, ai ka riga ka gaya mana yadda aka ƙare.” Abin ya daɗe yana damuna, domin na san littafin ya dace da ita.

Tun daga ranar nake rubuta jimlar ƙarshe kafin in rubuta ta farko, kuma ina haddace ta kalma da kalma ko da sauran zancen zan yi shi da ka. Wurin tsayawa ya kasance cikin kashi ɗaya bisa uku na farkon littafin, a daidai lokacin da tauraron ya ɗaga ƙafa amma bai sauke ba: an ƙwanƙwasa ƙofa ba a buɗe ba, an kawo wasiƙa ba a karanta ba, alƙali ya gyara murya bai yanke hukunci ba. Masu karanta littattafan Hausa a gidajen rediyo sun ƙware a wannan, shi ya sa masu sauraro suke komawa gindin rediyo washegari. Idan ka kai wurin, rufe littafin, ɗaga bangonsa kowa ya gani, maimaita sunansa da na marubucin, ka yi shiru. Za su roƙe ka ka ci gaba, wasu har da magiya, kuma wannan roƙon shi ne alamar aikin ya yi kyau, saboda haka kada ka sassauta ko da jimla ɗaya. Amsa ɗaya ce gare ka: “Ga shi nan a kan tebur, wanda ya riga zuwa shi zai fara ɗauka.”

Abubuwa biyu kuma suna ɓata wannan mataki. Na ɗaya shi ne wa'azi. Kalmomi irin su “littafin nan yana da darussa masu yawa” ko “karatu yana da muhimmanci” ba su taɓa sa yaro ya miƙa hannu ba, domin ya sha jin su a taron safe. Na biyu shi ne zuzutawa fiye da kima. Idan ka sa littafi mai tafiya a hankali ya yi kama da na faɗa da gudu, yaro zai ara, ya karanta shafi goma, ya dawo da shi, kuma ba zai sake yarda da tallarka ba.

Bayan haka sai gwaji. Ka faɗi tallar da ƙarfi sau uku ko huɗu kana duba agogon waya, duk abin da ya haura minti uku ka datse shi. Kada ka karanta daga takarda. Idan kana tsoron mantuwa, manna ɗan kati a bayan littafin mai ɗauke da sunayen taurari da jimlar ƙarshe. Ba a bukatar majigi ko lasifika, kuɗin da za a kashe a kansu gara a sayi kwafi biyu ko uku na littafin da za a tallata, a kuma bi bangonsu da salatif domin za su sha hannu.

A ranar tallar, zaɓi safiya ko bayan tara, kada ka bari sai rana ta take an gaji. Aji ɗaya ya fi taron makaranta gaba ɗaya. Ka roƙi malamin ajin tun da wuri kada ya ce a rubuta taƙaitawa ko ya yi alkawarin gwaji a kan abin da aka ji. Rajistar aro da biro su kasance a buɗe a kan tebur kafin ka fara magana, domin sha'awar da aka tayar ba ta jure “ku dawo gobe”. Waɗanda ba su samu ba a rubuta sunayensu a layi, a ba kowa mako guda.

Littafi ɗaya ko biyu za su ɓata ko su dawo a yage, a sa wannan cikin lissafi tun farko. Bayan zango ɗaya, duba rajista ka ga waɗanda aka fi ara, sannan ka ba ɗaliban da suka fi zuwa dama su yi tasu tallar ga 'yan ajinsu, minti ɗaya kowanne, da sharaɗin nan na kada a faɗi ƙarshe. Ranar 23 ga Afrilu, wadda UNESCO ta ware a matsayin ranar littafi ta duniya, ta dace da irin wannan zama idan ba ta faɗo cikin hutu ba.