Darasi na Bakwai: Ciyar da Rediyon Oba-Oba da Hasken Rana

Rediyon da muke magana a kansa a wannan darasi ba irin wanda ake saurarar labarai da shi a gindin bishiya ba ne. Wannan shi ne wanda mutum yake ji da shi kuma yake magana, wato oba-oba, irin na masu sha'awar sadarwa da ke gaisawa da takwarorinsu na garuruwa da ƙasashe masu nisa ba don neman kuɗi ba. Ba a kunna shi sai da lasisin gwamnatin tarayya, kuma kowane mai lasisi yana da lambar kira tasa, wadda a Najeriya take farawa da 5N. A ƙauyukanmu na wajen Ringim ko Gumel, inda wutar lantarki ba ta isa ba ko kuma ba ta zama, abin da zai riƙe wannan na'ura shi ne farantin sola da batir.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayo kaya kafin a yi lissafi. Magidanci ba ya gina rumbu sai ya san yawan hatsin da gidansa ke ci, to haka batir yake. Rediyo mai ƙarfin wat 100, wanda ke aiki a gajeren zango kamar mita 40 da mita 20, yana buƙatar wuta mai kimanin bolt 13.8. Idan ana sauraro kawai, abin da yake ja bai wuce amfiya 1 zuwa 2 ba, amma da zarar an danna makirufo an fara magana, yana iya jan amfiya 20. Mu ɗauka cewa Malam yana sauraro na awa 3 kowane dare a kan amfiya 1, wato 3Ah ke nan (Ah shi ne amfiya sau awa, ma'aunin wutar da aka ci), sannan maganarsa gaba ɗaya ta kai rabin awa a kan amfiya 20, wato 10. Idan aka ƙara 2 na ƙwan fitila, abin da ya ci a daren ya zama 15.

Batir mai ruwa da aka rubuta wa 100Ah ba duka ɗarin ake ci ba. Rabi kawai ake taɓawa, domin yawan zuƙe shi har ƙasa yana kashe shi tun bai shekara ba. Saboda haka 50 ne na Malam, kuma za su kai shi kwana uku ko da rana ba ta fito ba. Ana gane matsayinsa da mitar auna bolt bayan ya huta: kimanin bolt 12.7 alamar cika ce, 12.2 kuwa alamar ya kai rabi, a dakata. Batirin litiyam ya fi jure zuƙewa kuma ya fi daɗewa, sai dai tsadarsa. Batirin mota, a ganina, asarar kuɗi ne a wannan aiki, don an ƙera shi ne ya tayar da inji cikin ɗan lokaci, ba ya yi ta ba da wuta har tsakar dare ba.

Faranti mai wat 100 yana ba da kimanin amfiya 5 a rana tsaka, kuma a ƙasar Kano da Jigawa ana samun kusan awa 5 na rana mai ƙarfi, wato 25 a yini, wanda ya zarce 15 ɗin da aka ci. A kafa shi yana fuskantar kudu, a ɗan jingine kaɗan, nesa da inuwar darbejiya. Lokacin hunturu ne lissafin yakan rushe, domin hazo yana rage hasken, ƙura kuma tana kwanciya a kan gilashin, sai a riƙa goge shi da tsumma mai laushi da sassafe, a kuma rage ƙarfin rediyon zuwa wat 20 ko 30, wanda sau da yawa ya isa a ji mutum.

Tsakanin faranti da batir dole a sa kwantirola, ita ce ke hana caji ya wuce kima. Wasu masu araha suna haddasa ƙara a cikin rediyo, haka ma inbata mai mayar da wutar batir irin ta gida, shi ya sa ya fi kyau a haɗa rediyon kai tsaye da batir ta waya mai kauri kuma gajera, tare da fis a kusa da kan batirin. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi; juya su sau ɗaya ya isa ya ƙona na'urar. Batirin a ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, ba kusa da murhu ko aci-balbal ba, saboda iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kama wuta. Idan ruwansa ya ja baya, tataccen ruwan batir marar asid ake ƙarawa, ba na rijiya ba. Da damina kuma, da an ga hadari ya haɗo, a cire wayar eriya daga jikin rediyo tun kafin a fara tsawa.

Aikin gida: idan Malam ya ƙara maganarsa zuwa awa 1 kowane dare, nawa zai ci, kuma faranti ɗaya zai ishe shi? Ku rubuto lissafinku a zo da shi aji na gaba.